Shirun da Absalom Ya Sa Tamar Ta Yi Bai Warkar da Ita Ba



Kwanakin nan ana ta muhawara a tsakaninmu a kan littattafan da ke koya wa yara cewa akwai wuraren jikinsu da ba kowa ke taɓawa ba, kuma suna da ikon cewa a'a. Wasu na ganin abu ne mai kyau. Wasu, musamman iyayenmu, na cewa hanyar ɓata tarbiyya ce da aka shigo mana da ita daga waje. Ra'ayina shi ne ikilisiya ta karɓi wannan koyarwa, ta tace ta, ta kuma yi ta da bakinta.

Ku buɗe 2 Sama'ila sura 13. Wanda ya ɓata Tamar ba baƙo ba ne, ɗan ubanta ne, Amnon. Cikin gida abin ya faru, kuma ubanta Dauda ne da kansa ya aike ta kai abinci, bai san tarko aka ɗana ba. Tamar ta ƙi, ta roƙa, aka fi ƙarfinta. Da ta fito tana kuka, wanta Absalom ya ce ta yi shiru, maganar gida ce. Dauda ya ji, ya husata, amma bai hukunta kowa ba. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, gidan ya tsage. Shirun da aka yi don rufin asiri bai warkar da yarinyar ba, bai kuma ceci gidan ba. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wannan sura tana ciki. In Allah bai ɓoye labarin ba, me ya sa mu muke ɓoye darasinsa?

Kada mu ce wannan na zamanin da ne. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta yi bincike a faɗin Nijeriya. Aka samu yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma kaɗan ne ƙwarai suka sami taimako. Yawanci mai yin abin wanda yaron ya sani ne. A 2020 an yi wa wata ɗaliba 'yar shekara 22 fyaɗe da duka cikin majami'a a Benin, inda ta je karatu, ta kuma rasu. Ginin majami'a kaɗai ba ya tsare kowa.

Mu a nan yankin Batsari da Safana idonmu yana kan daji, saboda abin da 'yan bindiga suka yi mana. Amma tashin hankalin ya buɗe wata ƙofar. Iyalai sun watse, an kai yara riƙo wurin dangi a Dutsin-Ma ko Katsina, mutum goma na kwana ɗaki ɗaya, 'yan mata na talla har dare don a sami na tuwo, wasu an tura su aikatau. Yarinyar da cinta da kwananta ke hannun wani, da wuya ta iya buɗe baki a kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu bangon kuwa ya tsage.

To me littattafan nan suke koyarwa? Masu kyau a cikinsu abubuwa kaɗan ne. Yaro ya san sunan gaɓoɓinsa, don ya iya faɗin inda aka taɓa shi. Ya san wuraren da wando da riga ke rufewa ba na wasa ba ne, sai uwa wajen wanka ko ma'aikacin asibiti a gaban iyaye. Ya san in babba ya ba shi kuɗi ko alewa ya ce kada ya gaya wa kowa, to wannan ce maganar da dole a faɗa. Ya san mutum biyu ko uku da zai iya kai wa ƙara, kuma in na farko bai yarda ba ya je wurin na biyu. Akwai wanda Kirista suka rubuta, kamar God Made All of Me na Justin da Lindsey Holcomb, wanda ya fito a Amurka a 2015, ya kuma fara daga cewa Allah ne ya yi jikin.

Masu adawa suna da hujjoji, bai kamata a raina su ba.

Na farko suna cewa za a kashe kunya. Kunya ado ce, ina so 'ya'yanmu su tashi da ita. Amma mai lalata da yara da kunyar yaron yake aiki. Ya san ba za ta iya faɗa ba, shi ya sa yake maimaitawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A koya wa yaro jin kunyar aikata mugunta, kada a koya masa jin kunyar tona ta.

Na biyu suna cewa yaron da ya koyi cewa a'a zai raina manya. Afisawa 6 ta umarci 'ya'ya su yi biyayya, amma biyayyar cikin Ubangiji ce. Yusufu bawa ne a gidan Fotifar, uwargijiyarsa ce ta neme shi, ya ƙi, ya bar rigarsa ya gudu. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya a wa'azi. Abin da muke yaba wa Yusufu, shi muke so 'yar shekara tara ta iya.

Na uku, wadda ta fi nauyi, suna cewa wasu littattafan na koyar da cewa in dai mutum biyu sun yarda, kome halal ne. Nan ina tare da su. 1 Korantiyawa 6 ta nuna jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, an saye shi da tsada, amana ce a hannunmu. Yardar saurayi da budurwa ba ta mai da fasikanci tsarki. Saboda haka kada a miƙa wa yaro littafin da dattawa ba su karanta ba. Amma ku lura, wannan ayar ita ce ta fi kowane littafi ƙarfafa maganar. In jikin yarinya haikalin Allah ne, kawu ba shi da iko a kai, malami ba shi da shi, fasto ma haka. Ƙaramin yaro kuwa ba shi da wata yarda da za a kafa hujja da ita, ko da bai yi ihu ba.

A Nuwamba 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhajar makarantu, ya ce aikin iyaye ne da malaman addini. Mutane da yawa sun yi murna. To, kaya ya dawo kanmu. In makaranta ta yi shiru, gida ya yi shiru, majami'a ta yi shiru, waya ce za ta koyar.

Ga abin da nake roƙo. Yawancin littattafan da Turanci suke, iyayenmu da yawa ba za su karanta su ba. Ku matasa masu karatu ku zauna da Zumuntar Mata da malaman Makarantar Lahadi, ku tsara darasi gajere da Hausa daga labarin Tamar da na Yusufu, dattawa su duba, mata su koya wa 'yan mata, maza su koya wa yara maza. A kafa doka: babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya a ɗaki rufe, ko wane ne shi. In yaro ya kawo ƙara, a saurare shi, a kai shi asibiti da wuri, a sanar da hukuma. Jihar Katsina tana da dokar kare yara tun 2020. Gafara gaskiya ce, amma ba ta nufin a sasanta a zaure a mai da yarinya gidan da aka cuce ta.

Ku samari, in budurwa ta ce a'a wurin zance, maganar ta ƙare. Kada ku matsa mata ta turo hoton jikinta, kada ku ce kuɗin da kuka kashe ya ba ku iko. Ko Rifkatu, a Farawa 24, sai da aka kira ta aka tambaye ta kafin ta tafi.

Ke kuma, ko kai, da abin ya riga ya faru da ku: laifin ba naku ba ne. Kubawar Shari'a 22 ta wanke yarinyar da aka fi ƙarfinta a jeji, ta ɗora laifin a kan mutumin. Ku nemi babba mai amana ku faɗa.

Ubangiji Yesu, wanda ya karɓi yara ya sa musu albarka, ya ba mu kunnen ji da ƙarfin hali. Amin.