A Duba Hanyar Ruwa Kafin a Ba da Izinin Gini

Duk wanda ya tashi gina gida a birni, doka ta ce sai ya kai zanen gidan ofishin tsara birane, a duba, sannan a ba shi takardar izini. Ma'aikatan ofishin sukan duba shaidar mallakar fili, da girman ɗakuna, da tazarar da ke tsakanin gida da titi. Amma akwai tambayar da ta fi waɗannan duka nauyi: idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ta ina ruwan unguwar yake wucewa? A ganina, bai kamata hukuma ta sa hannu a takardar izini ba sai an amsa wannan tambaya.

Mu ɗauki misali da birnin Ibadan. Kogin Ogunpa ya ratsa ta tsakiyar birnin. A watan Agusta na 1980 kogin ya cika ya tumbatsa, ya rushe gidaje, ya ci rayuka masu yawa. Mutanen garin suna kiran wannan masifa "omiyale", wato ruwa ya mamaye gida. Ranar 26 ga Agusta 2011 aka sake yin wata ambaliyar a birnin, inda fiye da mutum 100 suka rasu. Cikin dalilan da masana suka bayar akwai gine-gine a bakin rafuka da zubar da shara a magudanai.

Kowane kogi yana da fadama a gefensa. Da rani fadamar takan bushe, har mutum ya ɗauka fili ne mai kyau. Da damina kuwa, nan ne kogin yake baza ruwansa idan ya cika. Wanda ya gina gida a wurin ya tare wa ruwa hanya, shi kuwa ruwa ba ya manta hanyarsa. Bugu da ƙari, ƙasa tana shan ruwa, amma siminti da kwalta da rufin kwano ba sa sha. Saboda haka, duk sa'ad da gine-gine suka ƙaru, ruwan da ke gudu a kan titi yakan ƙaru. Abin baƙin ciki shi ne, sau da yawa ba mai ginin ne yake fara shan wahala ba. Shi ya cike filinsa da ƙasa ya ɗaga harsashi, ruwan ya juya ya shiga ɗakin maƙwabcinsa.

Matsalar ba ta Ibadan kaɗai ba ce. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A shekarun biyu, garin Lokoja, mahaɗar kogin Neja da na Binuwai, yana cikin wuraren da abin ya fi shafa. Ba mu da ikon hana ruwa sauka, amma muna da ikon zaɓen inda za mu kafa gida.

To, me ya kamata a duba? Da farko, a duba taswirar wurin, a ga rafuka da kwari da magudanai. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, ya kamata kowane ofishin tsara birane ya riƙa aiki da shi. Na biyu, jami'i ya taka da ƙafarsa zuwa filin, ya ga gangaren ƙasa da alamar ruwa a jikin katangu, ya kuma tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa. Na uku, a auna tazarar da za a bari tsakanin gini da bakin ruwa, a rubuta ta a takardar izini.

Wasu za su ce wannan bincike zai jawo jinkiri, ya kuma buɗe wata ƙofar cin hanci. Maganarsu abar dubawa ce. Maganin wannan shi ne a ƙayyade kwanakin binciken, a manna taswirar wuraren haɗari inda kowa zai gani, kuma jami'in da ya sa hannu ya amsa tambaya idan ruwa ya ci ginin. Wasu kuma za su ce talaka yana gini a fadama ne don filin can ya fi araha. Wannan ma gaskiya ce. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha. Ke nan nauyi ne a kan gwamnati ta yanka filaye a kan tudu, ta kai musu hanya da ruwan sha.

A Legas da wasu birane mun ga ana rushe gidajen da suka toshe magudanai, bayan masu su sun zuba duk abin da suka tara. Da an hana ginin tun yana kan takarda, da ba a yi wannan asara ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ku kuma ɗalibai, idan iyayenku za su sayi fili, ku ba su shawara su je su gan shi da damina, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi.

Tambayoyi

1. Mece ce fadama, kuma me ya sa gini a cikinta yake da haɗari?
2. Kawo abubuwa uku da marubucin ya ce a duba kafin a ba da izini.
3. Ka yarda da ra'ayin marubucin? Kawo dalilanka.