Sharhi: Ajin Bayoloji na AP a Amurka da tambayar da mahawarar jarrabawar kwamfuta ta tsallake

A watan Mayun 2025, ɗaliban sakandare a Amurka da suka rubuta jarrabawar Bayoloji ta shirin AP sun yi rabinta a kan kwamfuta, rabi kuma da alƙalami a takarda. Hukumar College Board, wadda ke gudanar da shirin tun shekarar 1955, ta mayar da jarrabawa 28 kan manhajarta ta Bluebook a wannan shekara, bayan da ta ce yunƙurin satar amsa ya ƙaru. Guda 16 sun koma kwamfuta ɗungurungum. Sauran 12, ciki har da Bayoloji, an raba su biyu, saboda amsoshinsu na buƙatar zane da lissafi.

Dalilin wannan rabo yana cikin abin da ake buƙata daga ɗalibi tun ranar da ya shiga ajin.

AP shiri ne da ke bai wa ɗan sakandare damar ɗaukar darasi irin na shekarar farko a jami'a. Ba tilas ba ne, ɗalibi ne ke zaɓa, kuma ana so ya riga ya yi Bayoloji da Kimistiri na gama-gari. An kasa manhajar kashi takwas, daga sinadaran da ke gina jikin mai rai da tsarin ƙwayar halitta, zuwa gado, da sauyin halittu, da dangantakarsu da muhalli. Littafin da ake karantawa na matakin jami'a ne, malamai da dama kuma kan ba da aikin gida tun lokacin dogon hutu, kafin a buɗe makaranta.

Sai dai yawan karatu ba shi ne ya bambanta ajin ba. Sharaɗin hukumar shi ne kashi 25 cikin ɗari na lokacin koyarwa ya tafi a ɗakin gwaje-gwaje, a yi aƙalla bincike takwas a shekara, kuma dole malami ya miƙa tsarin darasinsa a tantance kafin makarantarsa ta sami izinin kiran ajin da sunan AP. Binciken ma ba irin wanda ake bin umarni layi-layi har a iso ga amsar da kowa ya sani ba ne. Ana bai wa ɗalibai yankan dankalin turawa da ruwan sukari mai kauri daban-daban, su auna nauyin dankalin kafin jiƙawa da bayanta, su gano da kansu inda ruwa ya daina shiga ko fita. A wani gwajin kuma sukan dasa wa ƙwayar bakteriya ƙwayar gado ta wata halittar teku, har ta riƙa ƙyalli kore a ƙarƙashin fitila ta musamman. Kowane ɗalibi yana da littafin da yake rubuta hasashensa, da alƙalumansa, da inda gwajin ya kuskure. Gwajin da ya ƙi fitowa daidai ma aiki ne, muddin mai shi zai iya bayyana dalili.

Ba haka ajin yake ba a da. Kafin garambawul ɗin shekarar karatu ta 2012 zuwa 2013, an daɗe ana sukarsa da cewa tulin hadda ne, malami na gudu, ɗalibi na haki. Sai aka rage sunaye da rabe-raben da ake haddacewa, aka ƙara nauyin nazarin alƙaluma. Jarrabawar yanzu ta awa uku ce: tambayoyin zaɓen amsa 60 cikin minti 90, sai tambayoyin rubutu shida cikin wasu minti 90, kowane ɓangare da rabin maki. A ɓangare na biyu ake miƙa wa ɗalibi sakamakon gwajin da bai taɓa gani ba, a ce ya zana jadawalinsa, ya faɗi abin da zai faru idan an sauya wani abu guda, ya kuma kare maganarsa da hujja. Sakamako daga 1 ne zuwa 5. Jami'o'i da yawa kan yafe wa wanda ya sami 3 ko fiye darasin shekarar farko, wasu kuma sai 4 ko 5, abin da ke rage wa iyaye kuɗin makaranta a ƙasar da karatun jami'a ke da ɗan karen tsada.

Tsarin yana da nasa tabon. Ƙananan makarantun karkara da na unguwannin marasa hali ba duka ke iya buɗe ajin ba, saboda rashin kayan aiki ko ƙwararren malami, don haka ɗan mai hali ya fi kusa da wannan dama.

A Najeriya ma ana cikin irin wannan sauyi, da dalili iri ɗaya, wato satar jarrabawa. A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar cewa hukumomin WAEC da NECO za su koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2026. A watan Nuwamba Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta zuwa 2030, tana mai kafa hujja da ƙarancin kwamfutoci, da wutar lantarki, da intanet a makarantun karkara. Hujja ce mai ƙarfi, amma ta tsaya ne a kan kayan rubuta jarrabawa, ba ta kai ga abin da jarrabawar ke aunawa ba.

Bayoloji a WAEC takarda uku ce: ta zaɓen amsa, ta rubutu, da ta aiki da hannu, inda ake ajiye wa ɗalibi ƙashi, ko ganye, ko ƙwaro, ya duba, ya zana, ya sanya wa sassan suna, ya rubuta ninkin girman zanensa. Ta farko ba ta da wuyar mayarwa kan kwamfuta. JAMB ta koma wannan hanya baki ɗaya tun 2015. Ta ukun ce matsalar. Idan hoton fara a allon kwamfuta ya maye gurbin farar da ake ɗauka a juya, an sauya jarrabawar ke nan, ko da sunanta bai sauya ba. Masu rubuta WAEC daga gida sun riga sun san wannan, domin su takarda ake ba su a madadin aikin hannu.

Haɗarin kuma ya wuce ranar jarrabawa. Ba boyayyen abu ba ne cewa a makarantun gwamnati da dama, ɗakin gwaje-gwaje ba ya buɗewa sosai sai an aiko da jerin abubuwan da za a tanada don jarrabawar aiki da hannu. Wannan takarda, duk da rauninta, ita ce ke tilasta wa shugaban makaranta sayen madubin ganin ƙananan halittu da gyara famfon ɗakin. In aka cire ta, babu abin da ya rage da zai tilasta masa, domin ba kamar a tsarin AP ba, hukumar jarrabawa ba ta neman malami ya nuna mata cewa rubu'in lokacin darasinsa a ɗakin gwaje-gwaje zai ƙare. Kuma waɗannan ɗalibai su ne masu neman gurbin karatun likita, da haɗa magunguna, da jinya, fannonin da JAMB ba ta karɓar mai nemansu sai ya rubuta Bayoloji.