Uwargida, Ina Turancin 'Yarki Ya Kwana?

A wannan watan darasi ɗaya tak zan ɗauko cikin darussan da 'ya'yanmu ke yi a babbar sakandare, wato Turanci, domin a ganina babu darasin da ya kai shi zaunar da 'yan mata a gida bayan sun kammala aji shida.

Kin dai san yadda abin yake faruwa. Sakamako ya fito, yarinya ta ci lissafi, ta ci ilimin halittu, ta ci Hausa da darasin addini da sauransu, sai a duba Turanci a ga D7. A tsarin WAEC da NECO, daga A1 zuwa C6 ne kiredit, D7 da E8 kuwa sunan cin jarrabawa kawai gare su, ba sa buɗe ƙofar jami'a. Makarantar koyon aikin jinya da ta ungozoma su ma sai da kiredit ɗin Turanci. Ko a watan Oktoba na 2025, da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin kiredit ɗin lissafi ga masu neman fannin fasahar harshe da adabi, ta bar Turanci a kan duk mai neman shiga jami'a. Idan namiji ne ya faɗi, sai ya sake zama baɗi, ko baɗin baɗaɗa, ba wanda zai ce masa uffan. 'Ya mace kuwa shekara ɗaya a zaune a gida ba ƙaramin abu ba ne. Masu sallama sun fara zuwa, dangi sun fara magana, kuɗin sake rajista kuma sai an yi shawara. Da yawa daga nan karatun yake tsayawa, ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba.

Domin ki ga nauyin wannan darasi, tuna abin da ya faru a 2025. Ɗalibai 1,969,313 ne suka zauna jarrabawar WAEC ta makarantu. Da aka fara sakin sakamako a watan Agusta, kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce ta gano kuskure wajen duba takardar canki-canka ta Turanci, ta gyara, sai adadin ya koma kashi 62.96. Wato takarda ɗaya ta Turanci ta tsallakar da yara kusan dubu 485 daga ɓangaren kuka zuwa ɓangaren murna.

To, a ina makin yake? Iyaye da dama ba mu taɓa tambaya ba, alhali sanin wannan shi zai nuna miki inda za ki sa ƙarfinki. Takardu uku ne a jarrabawar Turanci ta WAEC. Akwai ta canki-canka, tambaya 80 kan nahawu da ma'anar kalmomi, a cikin awa ɗaya, maki 40. Akwai ta furuci, tambaya 60 cikin minti 45, maki 30. Sai babbar, wadda ake rubutawa da hannu cikin awa biyu, mai maki 100: insha'i maki 50, auna fahimta maki 20, taƙaita labari maki 30. Kin ga ke nan fiye da rabin makin yana wurin da babu canke, babu hadda. Ko dai yarinya ta iya karanta shafi ta gane abin da ya ce, ta kuma iya rubuta nata shafin, ko kuwa ba ta iya ba.

Bari mu daɗe kaɗan a kan insha'i, tun da shi ne uwa uba. Ana ba ɗalibi batutuwa biyar ya zaɓi ɗaya, ya rubuta kalmomi kamar 450. Yana iya zama wasiƙa ga shugaban ƙaramar hukuma, ko wasiƙa ga ƙawa, ko jawabin muhawara, ko maƙalar jarida, ko ƙagaggen labari. Mai dubawa yana raba makin gida huɗu: goma ga abin da aka faɗa, goma ga yadda aka jera shi, ashirin ga iya sarrafa harshe, goma kuma ga tsabtar rubutu, wato rubuta kalma daidai, da aya da waƙafi da babban baƙi a inda ya dace, da kiyaye nahawu. A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure ashirin ya cinye shi ƙurmus, kuma yaron da ya saba da rubutun waya, inda ake rubuta u a maimakon you, kafin ya gama sakin layi na biyu ya cika ashirin ɗin nan.

Sannan ga wani tarko da ya keɓanta da 'ya'yan Hausawa. Yarinya tana tunani da Hausa, sai ta juya shi kalma bayan kalma. A wurinmu "ji" ɗaya ne: ka ji magana, ka ji wari, ka ji zafi, ka ji daɗin miya. Bature kuwa kowanne da kalmarsa, shi ya sa za ki ga yaro ya rubuta cewa yana hearing ƙanshin abinci. Haka "ara": mu da kalma ɗaya muke karɓar aro mu kuma bayar, su kuwa borrow daban, lend daban. Ga kuma 'yan ƙananan kalmomin nan a da the, waɗanda ba su da takwarori sak a Hausa, yara su yi ta zubar da su a hanya kamar tsakuwa a shinkafa. Malami zai iya rubuta dokar kowanne a allo, a kwafa, a haddace, amma ranar jarrabawa hannun yarinya abin da idonta ya saba gani a littafi shi zai rubuta. Wadda ta karanta labarai talatin a shekaru ukun babbar sakandare ta ga lend a mazauninsa sau ɗari, ba sai ta tuna doka ba.

Nan ne aikinki ya shigo, uwargida, kuma kada ki ce mini ai ke ba ki yi boko mai zurfi ba. Abu na farko da yarinya ke buƙata a wurinki lokaci ne. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: ta dawo daga makaranta ƙarfe biyu, ta yi wanke-wanke, ta tafi Islamiyya, ta dawo ta kama girkin dare, ta yi wa ƙannenta wanka, yayanta namiji kuwa yana can filin ƙwallo ko yana kwance da waya. Yaushe za ta buɗe littafi? Ba cewa na yi a sauke mata aikin gida ba, koyonsa ma tarbiyya ne. Amma minti talatin bayan sallar isha'i, wanda kowa a gidan ya san nata ne, ba aike, ba "zo ki riƙe mini yaron nan", wannan ba zai rushe gida ba. A raba aikin da mazan ma, hannunsu ba zai karye ba don sun ɗebo ruwa ko sun share tsakar gida.

Abu na biyu ya fi daɗi. Idan ta karanta babi ɗaya, ki ce ta ba ki labarinsa da Hausa kina tsinke zogale ko kina ninke kaya. Ki tambaye ta: to me ya sa matar ta yi haka? Wa ke da gaskiya a cikinsu? Idan ta fara kame-kame, kin gane ba ta fahimta ba, sai ta koma. Wannan shi ne auna fahimta, ba wani abu ba. Sa'an nan ki ƙara matse ta: "Duk wannan dogon zancen, faɗa mini shi a jimla uku." Wannan kuma shi ne taƙaitawa, mai maki 30, inda yara suka fi zubar da maki saboda suna kwafo jimlolin marubucin ɗungurungum su dire a takarda, masu dubawa kuwa ba sa ba irin wannan kwafe maki. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya tsamo ƙashin bayan magana ya faɗe shi da kalmominsa, a cikakkiyar jimla. Yarinyar da ta saba yi wa uwarta haka da Hausa, rabin aikin ta riga ta iya.

Wata za ta ce, ai ni na ɗauka Hausar ce ke ɓata musu Turanci, har na hana karanta littattafan Hausa a gidana. Ni dai ban goyi bayan wannan ba. Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci duk tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma yana matsayin darasi guda, aka kuma tarar ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Gwamnatin Tarayya ta sauka daga wannan layi a watan Nuwamba na 2025, da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ƙasa. Masana suna ta muhawara a kan haka, mu bar su da ita. Abin da na sani shi ne yarinyar da ta iya zama da Magana Jari Ce na Abubakar Imam har ta kai ƙarshe ta koyi haƙurin karatu, kuma haƙurin nan shi za ta ɗauka ta shiga littafin Turanci da shi. Wadda ba ta karanta komai da kowane harshe ita ce abar tausayi.

Wane littafi za a saya? Ki fara da mai sauƙi, wanda duniyarsa ta yi kama da tata. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960, ɗan ƙarami ne, labarinsa a ƙasar nan tamu ya faru, kuma yaro ba ya ajiye shi sai ya gama. Ga The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984, labarin 'yan mata uku na ƙauye da burinsu, wanda ke kanki za ki so jin yadda ya ƙare. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1980 za su tuna jerin Pacesetters, irin su The Undesirable Element na Mohammed Sule, da ake karɓa-karɓa a ɗakin kwana har bangonsu ya yage. Daga nan sai ta hau Things Fall Apart na Chinua Achebe. Ki duba wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin kasuwa. A haɗa mata da ƙaramin ƙamus, da littafin rubutu guda da za ta riƙa tara sababbin kalmomi.

Kada ki manta JAMB ma tana da nata littafin labari da take yi wa kowane ɗalibi tambayoyi a kai, ko likita zai karanta ko injiniya. Daga 2021 zuwa 2024 The Life Changer ne na Khadija Abubakar Jalli, inda wata uwa, Ummi, take ba 'ya'yanta labarin zaman jami'a, a 2025 kuma aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Yara da yawa ba sa karanta littafin, sai su nemi taƙaitaccen bayaninsa a waya ana saura kwana biyu. Ki tambayi taki wanne ne na shekararsu, ki ga littafin da idonki.

A bambance kuma: darasin Turanci daban, darasin adabin Turanci daban. Na farko dole ne ga kowa, na biyu na 'yan ajin fasaha ne, kuma duk mai son karanta aikin lauya sai da kiredit ɗinsa. Idan 'yarki tana cewa lauya za ta zama, ki tabbatar tun aji huɗu tana cikin masu ɗaukarsa.

Takardar furuci ba zan daɗe a kanta ba, tun da ita ce mafi ƙarancin maki. Wasulanmu biyar ne, kowanne da dogo da gajere, Turancin Ingila kuwa yana da sautin wasali wajen ashirin. Ga rikicin p da f, da ke sa pan da fan su zama abu ɗaya a bakinmu, ga kuma ɗabi'armu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wadda ta mayar da bread burodi. Maganinsa kunne ne. Tun da rediyo ba ya rabuwa da gidan Bahaushe, a riƙa barin labaran Turanci na minti goma su wuce ba a murɗa tasha ba.

Sai maganar lesin. Ba laifi ba ne, amma ki san abin da kike biya. Idan malamin lesin tsofaffin tambayoyin canki-canka kawai yake bi da su, maki 40 yake yi wa hidima ya bar 100. Ki ce 'yarki ta kawo miki littafinta na insha'i, na makaranta da na lesin. Ko ba ki iya karanta abin da ke ciki ba, kin iya ƙirga shafi, kin kuma san jan biro idan kin gan shi. Insha'i nawa ta rubuta a wannan zangon? Nawa malami ya duba ya yi gyara? Ta sake rubuta wanda aka gyara? Idan zango ya ƙare babu ko guda biyu masu jan biro, to akwai magana, kuma ranar taron iyaye da malamai ita ce ranar yin ta, cikin ladabi, domin malamin da ke da ɗalibai ɗari a aji ɗaya shi ma yana da nasa uzurin. A gida kuwa, ta rubuta wasiƙa ɗaya duk mako, ta kai wa wata yaya ko maƙwabciya da ta yi karatu ta duba mata.

Game da masu zuwa da maganar a biya kuɗi a kai yarinya wata makaranta ta musamman inda za a "taimaka" mata ranar jarrabawa, ki rufe ƙofarki. Ban da haramcin abin, hukumar tana riƙe sakamakon dubban ɗalibai duk shekara saboda zargin satar amsa, wasu a soke shi gaba ɗaya. Wadda ta tsallake ma, darasin Turanci na dole yana jiranta a shekarar farko ta jami'a, kuma a can babu wanda zai rubuta mata.

Idan 'yarki tana aji huɗu yanzu, kina da shekara uku a hannu. Idan tana aji shida, watannin da suka rage ma sun isa a rubuta wasiƙa goma sha biyu a karanta littafi huɗu. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake zaɓa wa yarinya fanni tsakanin kimiyya da fasaha da kasuwanci tun kafin ta shiga aji huɗu. A gaida yara.