Kafin a Naɗa Rawani, a Buɗe Mana Littafin Kuɗi

 

Mu 'yan ajin ƙarshe mun zaɓi mu yi magana bana a kan zance biyu da ake yi a kowace majalisa a nan Suki. Na farko, wa zai gaji shugabancin jam'iyyar Umma. Na biyu, tsadar rayuwa. Mutane na raba su, mu kuwa a ganinmu zance ɗaya ne: duk mai neman jagoranci, a fara tambayarsa me zai yi da kuɗin jama'a.

Sayyid Sadiƙul Mahdi, Allah ya jiƙansa, ya rasu ranar 26 ga Nuwamba 2020, bayan ya riƙe jam'iyyar tun 1964, ya kuma yi firaminista sau biyu. Aka ɗora Fadlalla Burma Nasir a matsayin riƙo har zuwa babban taro. Tun daga nan ake ta ja-in-ja. Wasu na cewa kada shugabanci ya bar gidan Mahdi, wasu na cewa lokaci ya yi da za a ba wani daga waje. To, a duk wannan muhawara, sau nawa kuka ji an ambaci farashin jazulin?

Alhali Umma ba 'yar kallo ba ce. Ta shiga gwamnatin Abdalla Hamdok da aka sake kafawa a Fabrairun 2021, har Maryam, ɗiyar marigayin, ta zama ministar harkokin waje. A wannan watan ne aka karya darajar jine, dala ɗaya ta tashi daga jine 55 zuwa kusan 375 a farashin gwamnati. A watan Yuni kuma aka janye tallafin mai gaba ɗaya: litar jazulin ta tashi daga jine 125 zuwa 285, ta fetur daga 150 zuwa 290. Hauhawar farashi ta wuce kashi 400 cikin ɗari.

Gwamnati na da hujjarta, kuma adalci ne a faɗe ta. Ana bin Sudan bashin da ya haura dala biliyan 50, masu bin bashin kuwa ba za su yafe ba sai an yi gyara. Man da ake wa tallafi, mai mota a Khartum ya fi talaka morarsa, wani kuma fasa-ƙwabrinsa ake yi zuwa maƙwabta. A ƙarshen Yuni aka shigar da ƙasar cikin shirin yafe bashi. Wannan ci gaba ne, ba mu musa ba.

Sai dai mu a nan jazulin ba na yawo ba ne. Da shi tarakta ke nome hawasha, da shi babur ke jawo ruwa daga kogi zuwa lambu, da shi lori ke kai gyaɗa da dawa kasuwar Sinja ko Sinnar. In ya ninka, manomi ya rage fadan, girbi ya ragu, kisra ta yi tsada. Daga nan sai uba ya dubi ɗansa ya ce, "Bana ka haƙura da makaranta, zo ka kama mini." Yarinya kuwa a ce ta ɗau talla. Kowane ɗayanmu ya san benci a ajinsu da ya zama wayam. Ka ga ke nan kasafin kuɗin da aka rubuta a Khartum ya shigo har cikin ajinmu.

An ce za a rage raɗaɗi da shirin Samarat, wato kwatankwacin dala 5 ga kowane mutum a wata. Madalla. Amma rajistar shirin ta bukaci lambar ɗan ƙasa, kuma kun san wahalar da Bahaushe ke sha kafin ya same ta, ko da kuwa kakanninsa na bakin kogin nan tun zamanin da aka kafa Mai Wurno, shekara fiye da ɗari. Tallafin da bai iso ga wanda aka yi shi dominsa ba, suna ne kawai.

Saboda haka, ga tambayoyi uku da muke roƙon iyayenmu su yi wa duk wanda ya zo neman goyon baya, na Umma ne ko na wata jam'iyya. Kuɗin da aka rage daga tallafin mai, nawa ya koma makarantu da asibitocin karkara? Wane tanadi aka yi wa manomi na jazulin kafin damina? Za a riƙa manna lissafin ƙaramar hukuma a fili, kowa ya karanta? Wanda ya amsa da adadi, a saurare shi. Wanda ya amsa da sunan kakansa kaɗai, a ba shi shayi a yi masa sallama cikin mutunci.

Muna girmama gidajen malamai da zuriyarsu, tarbiyyarmu ke nan. Amma a nan makaranta aka koya mana cewa da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya nemi a ba shi taskokin Masar, da riƙon amana da sanin aiki ya kafa hujja, duk da cewa ba wanda ya kai shi asali. Kuma da lissafin hatsi na shekara bakwai ya tsirar da jama'a daga yunwa.

Wani zai ce mu yara ne, ina ruwanmu da siyasa? Da yawanmu za mu kai shekara 18 kafin zaɓen da aka yi alkawari a ƙarshen riƙon ƙwarya, kuma ragowar bashin nan mu ne za mu biya shi. Gara mu koyi tambaya tun yanzu.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Ɗaliban ajin ƙarshe, Muharram 1443 (Agusta 2021)