Mai Ɗura Bindiga Ba Ya Hira

Duk fataken da ke lodin shanu a Kasuwar Shanu ta Maiduguri zuwa Ikko ko Fatakwal sun san maharba 'yan sintiri masu rataye da bindigar toka. Tun 2013 da matasan garin suka tashi tsaye, da kuma watan Mayu na 2014 da ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri bayan sace 'yan matan Chibok, wannan tsohuwar bindiga ta dawo bakin aiki. Ba mai musun amfaninta. Abin tsoro shi ne yadda wasu samari ke ɗura ta suna hira, ko waya na manne a kunne.

Ita fa bindigar toka ba ta da ƙwaƙwalwa, sai ta mai ita. Ta baki ake zuba albarushi, a tusa tsumma, a sa dalma, a danna da sanda. Idan aka yi wa mutum sallama yana tsakiyar wannan aiki, ya amsa, ya juyo, to me zai tuna masa cewa ya riga ya zuba? Sai ya ƙara awo na biyu. Bututun da maƙeri ya haɗa da hannu kuwa ba ya ɗaukar ninki: tsagewa yake yi, ya tafi da yatsu, wani lokaci har da ido.

Haka nan idan an ja kunama ta ƙi tashi. Sau da yawa wutar na ci a hankali ne. Mai gaggawa sai ya leƙa bakinta, ko ya juya ta wajen abokinsa yana tambaya. Tsofaffin maharba kan riƙe ta a inda ta dosa, su dakata. Kuma ba sa zuba sabon albarushi nan take bayan harbi, don gudun ragowar tartsatsi.

Balle a kasuwa, inda ƙara guda kan firgita garke ya tattake yara masu talla.

Ya kamata sarakunan baka su kafa doka a kan yaransu: ba taba, ba waya, ba amsa gaisuwa sai an gama ɗuri, a kuma yi wa sandar dannawa alama don a gane ko akwai ɗuri a ciki. 'Yan'uwa masu gadi a Kudu, waɗanda da yawansu irin wannan bindiga ce a hannunsu cikin dare ga barci a ido, su ma maganar ta shafe su.