Wata Shida A Gonar Gwaji Kafin Digiri Na Biyu

Kowace shekara ɗaliban ilimin halittu kan yi tururuwa wajen neman gurbin digiri na biyu, kowa riƙe da takardar sakamakonsa. Takardar nan tana nuna abin da ɗalibi ya karanta ya kuma amsa a zauren jarrabawa. Ba ta faɗin ko zai jure wa bincike, alhali kuwa bincike shi ne aikin da ke jiransa.

A nan ne horon sanin makamar aiki ke da ranarsa. Tun 1973 Asusun Horar da Ma'aikata na ƙasa, wato ITF, ya kafa shirin SIWES, inda ake tura ɗalibai wuraren aiki kafin su kammala karatu. A jami'o'i da dama ɗalibin kimiyya kan yi wata shida.

Alal misali, ɗalibin da ya yi nasa horon a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, aka haɗa shi da masu nazarin ƙuduji, ciyawar nan mai tsotse saiwar dawa da masara. A littafi ya karanta cewa tsiro ɗaya kan zubar da iri dubbai, kuma irin kan wuce shekara goma a ƙasa bai mutu ba. A gona kuwa zai tarar damina ɗaya ce ke gare shi. In ya rikita alamar kunya biyu, ko ya yi sakacin ƙirga ranar da ya kamata, to, sai baɗi. Haka wanda ya je Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Kaduna zai koyi haƙuri daga ƙudan tsando, domin macen tsutsa ɗaya tak take haifa a kusan kwana goma. Mai gaggawa ba ya kiwonta.

Ɗalibi irin wannan, in ya zauna rubuta shawarar bincikensa, ba ya ɗora wa kansa aikin shekara biyar a wata goma sha takwas. Ya san tsadar sinadari, ya san wutar lantarki kan ɗauke firji cike da samfuri.

Abin takaici, da yawa kan nemi ofishin da ke kusa da gida, su wuni a benci, ƙarshen wata a sa musu hannu a littafi. Jami'o'i ma da nasu laifin, domin ba kasafai masu tantancewa ke tambayar abin da hannun ɗalibi ya taɓa ba. Ya kamata su riƙa tambaya, su kuma ba wasiƙar shaidar masanin da ɗalibin ya yi aiki a ƙarƙashinsa nauyin da ya dace. Malaman sakandare kuma su fara kai 'yan aji biyar da shida irin waɗannan cibiyoyi, ko da na wuni ɗaya ne.