Kada Yawan Wat Ya Ruɗe Mu Wajen Sayen Mazarin Na'urar Sassaƙa

A 'yan shekarun nan ƙananan na'urorin sassaƙa masu bin umarnin kwamfuta, waɗanda ake kira CNC, sun yi arahar da ƙungiyar kimiyya ta makarantar sakandare za ta iya yin karo-karo ta mallaki ɗaya. Wadda aka fi sani ita ce 3018, wadda ta samo sunanta daga girman filin aikinta, wato santimita 30 da 18. Ɗalibi zai zana dagin Arewa a kwamfuta, ya tsaya yana kallo na'ura ta fitar masa da shi a jikin katako. To, amma ba a daɗewa sai a fara ƙorafi da ɗan injin lantarkin da ke juya haƙorin yanka. Wannan inji shi zan kira mazari, domin aikinsa juyawa ne a tsaye kamar mazarin kaɗi. Da an tashi sauya shi, tambayar farko ita ce, "Wat nawa ne?" A nawa ganin, ita ce ta kamata ta zo ƙarshe.

Injin da irin wannan na'ura ke zuwa da shi yana da 'yan guntayen gawayi biyu, waɗanda masu gyara ke kira burushi. Su ke gogar ɓangaren da ke juyawa suna ba shi wuta. Guga kuwa tana cinye su, tana kawo zafi da tartsatsi, har tartsatsin kan sa na'ura ta rabu da kwamfuta ana tsakiyar aiki. Inji marar burushi an juya masa tsari ne: maganaɗisu ke juyawa, naɗin waya yana nan a tsaye, sa'an nan wani allon lantarki ke sarrafa shigar wuta. Babu abin da ke guga sai boris. Ko shakka babu ya fi shiru, ya fi ƙarko. Sai dai mai saye ya ƙirga wayoyi. Da yawa daga mazaran da ake talla da sunan wat 500 masu burushi ne, waya biyu gare su. Marar burushi wayoyin wutarsa uku ne, sau da yawa da wasu sirara a gefe.

Abin da ya fi yawan wat muhimmanci shi ne daidaiton juyi. Mai kaɗi ta san cewa mazarin da ya karkace ba ya ba da zare mai kyau. Haka abin yake a nan. Idan bakin haƙori yana kaucewa daga tsakiya da milimita 0.05 a kowane juyi, alhali abin da kowane kaifi zai ɗebo bai wuce haka ba, to kaifi ɗaya ne ke yin aikin biyu. Ƙaramin haƙori mai kaurin milimita 1 ba ya jure wannan, karyewa yake yi. A nemi mazarin da kaucewarsa ba ta wuce milimita 0.01 zuwa 0.02 ba, mai matsi irin na ER11, wanda ke riƙe haƙori har mai kaurin milimita 7.

Sai maganar nauyi, kuma a nan ne ake asarar kuɗi. Akwai manyan mazarai na wat 1,500 da 2,200, masu juyi 24,000 a minti, waɗanda ke aiki da na'urar sarrafa gudu ta VFD, wasunsu ma da ruwa ake sanyaya su. Suna da kyau ƙwarai a kan na'ura mai jikin ƙarfe. Amma na wat 2,200 ya kai kimanin kilo 5. A ɗora shi a kan 3018, wadda wani sashen jikinta roba ce, sai ta riƙa rawa kamar mazarin gaske, yankan ya fito da tabo-tabo. Sirdin doki ne aka ɗaura wa akuya.

Ga lissafin da nake so kowane malamin fasaha ya koya wa ɗalibansa kafin a kashe ko sisi. A ninka yawan juyi a minti da yawan kaifin haƙori, a sake ninkawa da kaurin ɓarzar da kowane kaifi zai ɗebo. Abin da ya fito shi ne saurin tafiyar da ake bukata. Alal misali, juyi 12,000, kaifi 2, ɓarza milimita 0.05: na'ura za ta yi tafiyar milimita 1,200 a minti ke nan. In an kai juyi 24,000, sai ta yi 2,400. Idan jikinta ba ya iya wannan gudu a cikin katako, haƙori ya daina yanka ya koma guga, katako ya yi baƙi, kaifi ya dakushe. Ashe yawan juyi ma kan zama illa.

Akwai hujja guda da masu son tsohon inji ke kawowa, kuma ban raina ta ba. Burushi in ya cinye, mai gyaran janareta zai sauya shi nan take. Allon marar burushi kuwa in wuta ta yi sama ta ƙona shi, sai an yi odar wani a jira. Duk da haka ina tare da marar burushi na wat 300 zuwa 500 mai aiki da bolt 48, muddin an saya masa sitabilaiza, an kuma sa allonsa cikin akwati mai iska inda garin katako da ƙurar hunturu ba za su cika shi ba. Kafin a biya kuɗi, a auna zoben da zai riƙe shi. Tsohon injin kaurinsa wajen milimita 42 ne, sababbin kuwa 52 ko 55, saboda haka kuɗin sabon zobe ma yana cikin lissafi.